Ranakun da Ƙunshin Yaya Bai Zo Ba

Litinin, da hantsi

Ƙunshin Yaya bai zo ba yau ma. Na danna gwaji, layuka suka taso jawur tun daga sama har ƙasa, a kansu rubutu ɗaya: an kasa ɗauko ƙunshi. Na sake dannawa, ja. Na tashi na haɗa shayi, na dawo, ban taɓa komai ba, na danna, sai ga shi ya shigo, komai kore, kuma a 'yar tagar ƙasa ga gaisuwarsa: Salamu alaikum. Dogo, wanda muke tebur ɗaya da shi, ya amsa da baki cike da biredi. Kowa a ofishin nan yana amsa wannan sallamar, har Manaja idan ya manta da girmansa.

Bari in shimfiɗa wa kaina abin, ko kaina zai sarara. Manhajar sayar da tikitin mota muke yi. Ni mai gwaji ce. Akwai wata manhaja da nake aika wa sabarmu, wato babbar kwamfutar kamfani, tambaya da ita, kamar in ce a ba ni kujera a motar safe, sannan in duba ko amsar da ta dawo ta mutunci ce. Tambayoyin suna da yawa, kuma kowace sai an buɗe mata ƙofa, an nuna shaida, an duba kwanan wata. Yayana ne ya rubuta wannan hidimar duka wuri guda, ya ɗaure ta, ya ajiye a asusunsa na cikin manhajar. Kowane gwaji sai ya kira ƙunshin da sunansa kafin ya fara aiki. Layin farko da Yaya ya sa a ciki gaisuwa ce. Ya ce ko na'ura ce ba ta faɗa wa mutane haka kawai.

Shekaru yana zuwa duk lokacin da aka kira shi. Yanzu sai ya ga dama.

Manaja ya tambayi jikin Yaya. Na ce zazzaɓi ne mai naci, likita ya ce ya huta, amma yana leƙa aiki daga gida. Na faɗa da fuskar da na sayar da cajar waya a bakin kasuwa kafin Yaya ya janyo ni nan. Fuskar ba ta tsufa ba. Har yau Dillaliya suke ce mini a ofis.

Litinin, bayan magariba

Asibiti, ɗakin sama, gadon kusa da taga. Yaya ya kalle ni irin kallon mai wucewa ta gaban rumfa, wanda ba saye ya kawo shi ba. Matar Yaya ta ce da safe ya kira sunanta, ya nemi ruwa. Ni ban samu komai ba.

Da za mu sauko ta nuna wa mai karɓar kuɗi katin asibitin da ofis ya ba Yaya. Muddin sunansa yana cikin ma'aikata, gadon nan nasa ne, da maganin, da matar da take zuwa tana murza masa hannu. Matar Yaya ta mayar da katin cikin jaka kamar ƙwai.

Talata, da azahar

Ya zo da safe. Bai zo ba da rana.

Laraba, da la'asar

Mun kai ƙara wajen masu manhajar gwajin. Sun amsa da ladabi, irin ladabin mai shagon da ba zai karɓi kayan da ya sayar ba. Wai su a wajensu yana aiki. Mu goge abin da manhajar ta ajiye, mu fita, mu sake shiga. Mun goge, mun fita, mun shiga. Ya zo, muka yi murna, Dogo har da tafi. Kafin shayina ya huce ya sake ɓacewa.

Dogo ya ce intanet ne. Manaja ya ce a sauya wayar intanet ɗin. An sauya. Ni kuwa na lura da wani abu da ba zan faɗa a taro ba: idan na zuba masa ido ba ya zuwa. Idan na danna na kau da kai, ina kallon fanka ko tantabarun da ke kan rufin bankin da ke tsallake, sai in juyo in tarar ya shigo. Haka mai saye yake. Ka tsare shi da ido ya gudu, ka yi kamar kana gyara kaya ya dawo da ƙafarsa.

Ina yake zuwa idan bai zo ba? Abin da na wuni ina tunani ke nan. Ba a goge shi ba, yana nan da sunansa a jeri, ina buɗe shi in karanta. Amma tsakanin inda yake da inda nake akwai wata hanya, kuma a kan hanyar yake tsayawa. Na ga kamar wani fili ne mai faɗi, ba bishiya, yana tsaye da ƙulli a ka, ya manta wanda ya aike shi.

Alhamis, da asuba

Na yi mafarkin rumfata. Ba caja nake sayarwa ba, korayen layuka ne, an rataye su kamar igiyoyi. Mata suna zuwa suna ja su ga ko za su tsinke. Wata ta ce wannan kore ba ya zuba? Na rantse mata. Ruwa ya sauko, ya bi ta hannuna, hannun ya koma ja. Ban ji tsoro ba, kunya na ji.

Inna ta ji motsina ta ce, Auta, ke ce? Gwiwoyinta ba sa hawa bene, shi ya sa ba ta je ba tun ranar farko. Kullum sai na kawo mata labari, ni kuma labari sana'ata ce. Na ce ya ci abinci, ya yi dariya, ya gaishe ta. Ɗaya daga cikin ukun gaskiya ne.

Juma'a, da yamma

Na buɗe kwamfutar Yaya a gida. Na san makullinsa, sunan wata mage ce da muka yi kiwo muna yara. Na shiga dandalin hirar ofis da sunansa na rubuta: ina dubawa, ku yi haƙuri, kar a taɓa ƙunshin tukuna. Na cire aya don shi ba ya sa aya. Manaja ya amsa da Allah ya ƙara sauƙi.

Kwamfutar tana warin man da yake shafawa. Harafi ɗaya ya goge saboda dannawa. Na daɗe da yatsana a kansa.

Asabar

Bai san ni ba.

Lahadi, da hantsi

Yau ya zo. Ina shiga ya juyo da kansa, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga, ya ce, "Auta. Ya kasuwa?"

Na ce kasuwa sai godiya, Yaya, yau ma mun taɓa. Ya tambayi mai rumfar kusa da ni, wanda ya rasu tun kafin in bar wurin. Na ce yana nan, yana ta rigimarsa. Ya ce in daina sayar wa mutane cajar da ke zafi. Na ce ai su suke son araha. Ya yi dariya, rabin dariya, ta isa.

Daga nan ya nuna kofi ya ce a miƙo masa mota. Matar Yaya ta miƙa masa kofin ba ta gyara masa ba. Ta iya da shi. Ta koyi sabon yarensa kamar yadda ake koyon unguwa: mota kofi ce, takalmi matashi ne, idan ya ce gobe yana nufin a buɗe taga. Ta buɗe, iska ta shigo da ƙarar masu wanke motoci daga ƙasa, labule ya kumbura ya sace, ya kumbura ya sace. Muka zauna mu uku muna kallon labule. Ban san tsawon lokacin ba. Da na juyo hankalinsa ya sake tafiya, idonsa a buɗe.

Likita ya ce suna lura da shi. Ya ce irin wannan yana zuwa yana tafiya, ba a yi masa alkawari.

Litinin, da azahar

Dogo ya bi ni har wajen tukunyar shayi. Ya tsaya yana juya cokali a kofin da babu komai ciki. Ya ce saƙon da Yaya ya aiko masa jiya ya yi daɗi. Ni na rubuta shi, daga kwamfutar Yaya. Na ce ai kun saba. Ya ce ƙwarai, sabon ne ma ya sa ya yi mamaki.

"Dillaliya, yayanki bai taɓa ce mini Dogo ba. Ɗan Tsako yake ce mini, tun ranar da na fara aiki."

Na nemi fuskata ta kasuwa, ban same ta ba. Sai na ce sukari ya ƙare.

Ya ce shi bai ji komai ba, bai ga komai ba, kuma ba ya tambaya. Amma akwai maganar da ya kamata in sani. Gyaran ba wuya. A buɗe ƙunshin, a kwafe abin da ke ciki, a zuba shi cikin gwaje-gwajen kai tsaye, kowa ya daina kiran wani abu daga nesa. Aikin yamma ɗaya ne. Ya ce ya san na sani. Na ce ƙunshin Yaya ba a yi masa kwafin gaggawa, akwai abubuwan da shi kaɗai ya gane kansu. Dogo ya kalle ni ta saman gilashinsa, ya ce to, Allah ya ba mai su lafiya.

Babu abin da shi kaɗai ya gane. Yaya rubutunsa a fili yake kamar ruwan randa, kowane layi da bayaninsa. Da ya san haka za ta faru da ya ɗan dagula shi, kamar yadda kowane mai wayo yake yi. Ni da ni ce da na ɓoye zare ɗaya a aljihu. Shi bai taɓa zama a kasuwa ba.

Ranar da aka kwafe, ranar za a gane ana iya yi ba shi.

Talata, da la'asar

Taro. Manaja ya ce mai motocin da muke yi wa aiki yana matsa masa, makarantu sun kusa rufewa, tasha za ta cika, yana son sabon tsarin zaɓen kujera kafin nan. Ya ce shi bai gane ba, gwaji ja da safe, kore da rana, wanne zai yarda da shi?

Na yi magana. Na daɗe ban yi irinta ba. Na ce ranka ya daɗe, ƙunshin nan kamar injin tsohuwar mota ne mai kyau, ba a ba wa kowane makanike, mai shi yana hanya. Na ce masu manhajar ma sun san da matsalar, ba mu kaɗai ba ne, gyara yana tafe. Na ce ja iri biyu ne, akwai jan ciwo akwai jan kwalliya, ni kuma na san bambancinsu daga nesa. Aka yi dariya. Manaja ya ce bakin nan naki, Allah ya raba mu da shi. Ya ba da mako guda.

Na fito ina jin daɗin da nake ji idan na sayar da abin da ya daɗe a rataye. Daɗin bai kai ƙasan bene ba.

Laraba

Ya zo. Ya zo. Bai zo ba. Ya zo.

Alhamis, bayan magariba

Ruwa tun la'asar. Na tsaya a barandar asibiti ina jira ya tsagaita. Fitilun motoci suna narkewa a kan titi, ja da fari, kamar an zubar da fenti. Na kama kaina ina cewa idan motar da za ta fara shan kwana fara ce, gobe zai zo. Ban san wanne nake nufi ba. Babur ne ya sha kwanar.

Matar Yaya ta rame. Ta ce yara suna tambaya. Ta ce ofis fa, suna haƙuri? Na ce ai Yaya ne ginshiƙin wurin, ko numfashi ba a yi sai da ƙunshinsa. Ta ce Allah ya saka miki, ƙanwar miji ta gari. Da can idan ta ce haka zolaya ce, sai in ce a kawo tukuici. Yau ba wanda ya yi dariya.

Juma'a, da hantsi

Ranar sakin sabon tsari. Na danna, ja. Na sake, ja. Manaja yana tsaye a bayana, turarensa ya cika mini hanci. Ya ce wanne ne wannan, na ciwo ko na kwalliya?

Ban karanta ba. Na ga ja, na san ja. Na ce na kwalliya ne, ƙunshi ne bai zo ba, ranka ya daɗe, a saki.

Aka saki.

Asabar, da yamma

Na wanke wa Inna kai. Gashinta ya koma kamar auduga, ba nauyi. Ta ce lokacin da Yaya yana ƙarami idan ta aike shi sai ya tsaya a hanya yana kallon masu gyaran rediyo, har abin da ta aike shi ya wuce lokacinsa. Ta ce amma bai taɓa ƙin dawowa ba. Na zuba ruwa a hankali don kar ya shiga kunnenta.

Litinin, da safe

Ba na kwalliya ba ne.

An sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Ba a mota ɗaya ba, a motoci da yawa, tun daren Juma'a. Mai motocin ya turo hoto: wata mata da goyo da wani dattijo mai sanda, kowa ya ɗaga wayarsa, lamba ɗaya, direba a tsakiya ya ɗora hannu a ka. An ce dattijon ne ya sauka. An ce asibiti za shi a wani gari.

Na koma na buɗe gwajin Juma'a na karanta. Ƙunshin ya zo ranar. Ya yi sallamarsa, tana nan a 'yar tagar ƙasa, ba wanda ya amsa. Ya zo ya yi aikinsa, ya ce akwai matsala a kujeru, da ja, da babbar murya. Ni ce na ce bai zo ba.

Manaja bai yi faɗa ba. Da ya yi da na san inda zan kama. Ya ce kawai a mayar da tsohon tsari, sannan ya ɗauki makullin motarsa ya fita.

Litinin, bayan la'asar

Ofis ya watse, saura ni da Dogo da ƙarar fanka. Rana ta shigo ta tagar yamma ta kwanta a kan tebura, ƙura tana yawo a cikinta a hankali kamar ba ta da wurin zuwa. Na buɗe ƙunshin. Na zaɓe shi duka. Ya yi shuɗi.

Dogo ya ce zai iya yi idan ina so. Na ce a'a, kayan gidanmu ne.

Gwaji bayan gwaji, na cire layin da ke kiran Yaya, na zuba abin a ciki. Hannuna ya saba da wuri, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Dogo ya tambaya ko a bar layin gaisuwar. Ya ce ba ya aikin komai, amma shi ba ruwansa. Na ce gaisuwa ta mai shigowa ce daga waje, wannan kuwa yanzu ɗan gida ne. Ban kwafe ta ba.

Na danna. Kore. Na sake. Kore. Na zuba masa ido, ban kau da kai ba, kore. Dogo ya kashe intanet ɗin wayarsa ya kunna don tsokana, ya kashe fanka, ya tsaya da ƙafa ɗaya. Kore.

Aikin yamma ɗaya ne. Bai ma kai ba.

Talata, da asuba

Inna ta ce jiya an yi baƙo. Mutum mai kirki, mai turare, ya kawo lemo da ayaba cike da leda, ya durƙusa har ƙasa. Wai shugaban su Yaya ne, ya zo duba mai zazzaɓi. Ta ce ta yi mamaki da bai san asibitin ba, sai ta kwatanta masa, har ɗakin, har gadon. Ta ce ta gode masa da haƙurin da suke yi tun ranar da Yaya ya faɗi a bakin famfo.

Ta ɓare mini lemo ɗaya. Na ci. Yana da zaƙi.

Talata, da azahar

Kore. Ba wanda ya tafa.

Laraba, da hantsi

Manaja ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce ya je asibitin. Ya ce ya zauna a bakin gadon, ya riƙe hannun, Yaya ya kalle shi ya ce masa gobe, matarsa ta tashi ta buɗe taga. Manaja ya cire gilashinsa ya daɗe yana goge shi da gefen riga. Ya ce tare suka fara wurin nan, tebur biyu da fanka ɗaya. Ya ce me ya sa ban faɗa masa ba?

Na ce da na faɗa me za ka yi, ranka ya daɗe? Ya mayar da gilashin a idonsa. Na ce to shi ya sa.

Ya ce ba shi kaɗai ba ne, akwai masu kamfani a sama, kuma bayan abin kujerun nan sun tambayi kowane suna da aikinsa. Ya ce doka ta ba mara lafiya lokaci, lokacin ya wuce tun ina ce masa zazzaɓi. Ya ce ba shi da yadda zai yi.

Na zauna sosai. Na yi ciniki irin wanda ban taɓa yi ba. Na fara daga sama, na ce a bar shi shekara ba albashi, suna kawai. Ya ce suna shi ne kati, kati shi ne abin da suke gani. Na ce rabin shekara. Na ce ni zan yi aikinsa da nawa, a bar sunansa a kan nawa, wa zai sani? Ya ce Dillaliya. Na ce a cire ni a bar shi. Ya ce wa zai yi gwajin? Na tashi kamar zan fita, don mai kaya yakan kira ka idan ka juya baya. Na kai ƙofa. Na riƙe hannun ƙofar. Bai kira ni ba.

Na dawo da ƙafata.

Ya ce matsayin Yaya nawa ne idan ina so, ni na fi kowa sanin aikin. Bakina ya riga ni, na ce albarka, kamar wanda aka taya wa kaya da wulaƙanci. Ya ce in yi tunani, akwai yara, akwai Inna. Na ce katina fa, idan na hau matsayin, ba zai ɗauki Yaya ba?

"Miji, 'ya'ya, iyaye," in ji shi. "Ban da wa."

Na samu zuwa ƙarshen wata. Abin da na iya cirowa ke nan, kati ya ci gaba da aiki zuwa ƙarshen wata. Bayan nan gadon ba nasa ba ne. Na karɓi matsayin. Ya miƙo hannu ya tuna ba a haka da ni, ya mayar aljihu.

Laraba, bayan azahar

Na sauka rabin bene, inda ba kowa, inda tagar ke kallon bayan gini da tankunan ruwa. Na kira wayar matar Yaya. Na shirya magana mai tsawo, da shimfiɗa, da matashi, yadda nake yi. Ana ɗauka duk ta zube. Na ce, "An sallame shi."

Sai na ji numfashi, ba nata ba.

"Auta? An sallame shi?"

Matar Yaya ta biyo gida ɗaukar kaya, ta bar wayar a kan tabarma ta shiga wanka. Inna ce ta ɗauka.

Ta fara hamdala. Ta yi ta yi, tana kiran sunayen Allah ɗaya bayan ɗaya, tana kiran matar Yaya ta fito ta ji, tana cewa ai ta faɗa, ai ta faɗa bai taɓa ƙin dawowa ba. Ta ce likitocin nan Allah ya yi musu albarka. Ta ce yau ne? Yanzu ne? A share ɗakin ƙasa, kar a sa shi hawa.

Na buɗe baki in gyara. Kalmomi biyu ne za a ƙara, daga aiki, shi ke nan. Na tsaya ina kallon tankunan. Wani tsuntsu ya sauka a kan ɗaya, ya sha daga inda yake yoyo. Na lissafa abin da zan gyara, na ga babu. Ƙarshen wata, da kati ya tsaya, asibiti za su sallame shi ɗin. Zai dawo gida, ɗakin ƙasa, kamar yadda ta ce.

Na ce ba yau ba, Inna, sai ƙarshen wata, akwai 'yan shirye-shirye. Ta ce ƙarshen wata ai gobe ne.

Daga nesa na ji muryar matar Yaya tana tambaya mene ne, mene ne. Na ji an miƙa mata wayar. Ta ce, ƙanwata? Na ce na'am. Ta saurari shirun da na yi, ita da ta iya sabon yare. Ta daɗe. Sannan ta ce, da murya daidai, don Inna tana kusa, to alhamdulillahi, sai mu fara gyara.

Alhamis

Kore duk yini.

Asabar, da hantsi

Mun fitar da buhuna da tsohon keken ɗinki daga ɗakin ƙasa. Inna tana zaune a kujera a bakin ƙofa tana ba da umarni, a matsar da gado kusa da haske, a wanke labule, a cire wannan ƙusar kar ta kama masa riga. Ta sa ɗan kwalinta mai kyau. Maƙwabta sun fara leƙowa suna yi mata barka, tana amsawa.

Matar Yaya ta je ta koyi yadda ake murza hannun, matar asibitin ta nuna mata. Ta gwada a kaina, daga yatsu zuwa gwiwar hannu, a hankali, a sake. Ta ce in saki jiki, na ƙanƙame kamar itace. Na ce haka hannun 'yan kasuwa yake. Ta ce to ki koya ke ma, ni ba zan iya safe da yamma ni kaɗai ba.

Na miƙa mata ɗayan hannun.